Hawan jini a bakin titi: kurakuran da masu ƙananan sana'o'i suka fi yi

Mai shayi, mai tsire, mai ƙosai, mai baron rake, duk wanda tukunyar gidansa take jiran cinikin yau, wuni guda a layin asibiti asara ce a wurinsa. Daga nan babban kuskuren yake tasowa, wato jiran sai jiki ya nuna alama. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum zai shekara da shekaru yana ɗauke da shi, yana ta hada-hadarsa garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu fama da shi ba su ma san suna da shi ba, wasu sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Gyaran ba wuya: ka tsaya a kemis ko asibitin sha-ka-tafi a auna ka. Ka zauna ka huta minti 5 tukuna, kuma kada ka ci goro ko ka sha taba ko kofi rabin awa kafin awon. In aka ga 140/90 ko sama da haka a ranaku biyu daban-daban, lokacin ganin likita ya yi.

Sai batun gishiri. Za ka ji ana cewa, "Ai ni zufa nake yi wuni guda, duk yana fita." Abin da aka shawarta bai wuce giram 5 a rana ba, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Ka duba mai shayi yana soya indomi: ya juye sinadarin da ke cikin leda, ya murmushe dunƙulen magi a ƙwai, ya barbaɗa yaji, kuma shi ne abincinsa safe da dare. Kanwar da ake jefawa a wake da miyar kuka ma tana da sinadarin sodiyam ɗin da ke cikin gishiri. A rage sannu a hankali, harshe yana sabawa.

Maganin gajiya da ake saya a hannun masu talla shi ma yana da nasa laifin. Ibuprofen da diclofenac suna ɗaga jini kuma suna wahalar da ƙoda in aka mayar da su abin sha kullum.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na waɗanda suka riga suka fara magani. Kwali ya ƙare, jiki ya yi daɗi, ciniki ya ja baya, sai a ce an warke, a koma zoɓo da tafarnuwa. Ƙwayar tana riƙe jinin ne kawai, ba ta kore cutar ba, ana dainawa sai ya sake hawa. In kuɗi ne matsalar, ka faɗa wa likita ba kunya, domin akwai masu sauƙin farashi irin su amlodipine. Ka ware kuɗinsa kamar yadda kake ware na adashi, ka riƙa sha a lokaci guda, misali bayan sallar asuba.

In kuwa ka ga maƙwabcin teburinka bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a tsaya yayyafa ruwa ana cewa iska ce ta buge shi. A tari adaidaita a wuce asibiti nan take, addu'a a yi ta a hanya.