Yadda za ka nuna wa ƙaninka lissafin da gidan caca ke yi a kansa

Idan kana da ƙane ko ɗa da ya faɗa buga caca a waya, wataƙila ka riga ka yi masa nasiha da ayar Suratul Ma'ida, ka yi faɗa, ka haɗa shi da kawu. Ya san haramun ce, ba sani ya rasa ba. Abin da ke riƙe da shi shi ne zaton cewa ya fi gidan wayo, ko ya kusa gano kan abin. Wannan zaton nake so in nuna maka yadda ake rushe shi da biro da takarda.

Sana'ata haɗa kyamarorin tsaro ce da makullan ƙofa masu buɗewa da kati, a otal-otal da ofisoshi na Bompai da Nasarawa, kayan aikina kuma a Beirut Road nake saye. Ta nan na san abin da ke ƙarƙashin teburin caca na Las Vegas, birnin caca na Amurka, domin fasahar ɗaya ce da ta katin ɗakin otal. A Kano babu irin wannan tebur, shari'a ta hana, Hisba ma rufe shagunan bet take yi. Amma ka fara yi wa yaron bayani daga teburin, don a can ne abin ya fi fitowa fili, ido na iya ganinsa.

Ka fara da blackjack. Karta ce da ake neman jimlar 21 ko kusa da ita ba tare da an zarce ba, ɗan wasa yana karawa da mai rabon kati na gidan. Dalilin zaɓenta shi ne ita ce cacar da aka taɓa cin gida da lissafi na gaskiya. Wani masanin lissafi Ba'amurke, Edward Thorp, ya fitar da littafi a 1962 ya nuna cewa wanda ke riƙe ƙidayar katunan da suka fita zai san lokacin da ragowar suka karkata gare shi, sai ya ƙara kuɗi. Ka gaya wa ƙaninka wannan ba ɓoye-ɓoye, zai saki jiki, don yana jin ka ba shi gaskiya. Daga nan sai ka ba shi labarin abin da gidajen suka yi.

Da can wani ma'aikaci ne ke tsaye bayan tebura yana duba kowa da ido, yana rubuta ƙiyasin abin da mutum ke zubawa da tsawon zamansa. Ido yana kuskure, kuma ɗan wasa mai wayo kan ƙara kuɗi idan an zo dubawa ya rage idan an juya baya. Yanzu abu huɗu ke aiki tare. Akwai katin mamba da kake miƙawa kafin ka zauna, shi ke haɗa wasanka da sunanka. Akwai ƙwandalolin roba da ake wasa da su a madadin kuɗi, an dasa wa kowace ɗan ƙaramin guntun RFID, wanda na'ura ke karantawa ba tare da an taɓa shi ba, mai lambarta ita kaɗai. Ba batir a cikinta. Eriyar da aka shimfiɗa ƙarƙashin ƙyallen tebur, daidai inda kake ajiye kuɗinka, ita ke ba ta wuta ta karanta lambar, yawanci a zangon 13.56 MHz, irin na guntun da ke cikin fasfo da katin ATM da ake ɗorawa kan na'ura ba a zura ba. Otal ɗin Wynn da aka buɗe a Las Vegas a 2005 yana cikin na farko da suka shigo da irin waɗannan ƙwandaloli. Sai akwatin rabon kati mai karanta kowane kati yayin da yake fita, sai kyamarorin sama, waɗanda a gidaje da dama an haɗa su da manhajar gane fuska.

Ka tsaya a nan ka tambaye shi: idan kwamfuta ta san katin da aka ba ka, ta san nawa ka zuba, ta san abin da ka zaɓa, me ya rage ba ta sani ba? Tana gwada kowane zaɓinka da zaɓin da lissafi ya ce shi ne daidai, ta ba ka maki a ƙwarewa. Tana duba ko kuɗinka na hawa duk lokacin da katunan suka karkata gare ka. A farkon shekarun 2000 an yi wani tebur mai suna MindPlay a jihar Nevada, inda Las Vegas take, katunansa da alamar tawadar da ido ba ya gani, kyamarori na karanta su da ƙwandalolin gaba ɗaya. Har kotu aka je a kansa, bisa zargin gidan na amfani da shi ya sake cakuɗa kati idan ya ga rabo ya juya wa 'yan wasa. Wanda aka gane yana ƙidaya, a Nevada ana iya cewa ya tashi. A New Jersey kotun ƙolin jihar ta hana korar a 1982, sai gidajen suka koma yawan cakuɗa kati da taƙaita abin da mutum zai zuba. Ko ta wace hanya, mai iyawa ba ya daɗewa a kujera.

To amma kama masu wayo ƙaramin aiki ne a wajen na'urar, don ba su da yawa. Babban aikinta auna sauran jama'a. Nan za ka ɗauko takarda, ka bar shi ya riƙe biron da kansa.

Gidan ba ya damuwa da ko ka ci yau ko an cinye ka. Abin da yake rubutawa a sunanka shi ne asarar da yake sa ran za ka yi, kuma haka ake fitar da ita: matsakaicin abin da kake zubawa, sau yawan zagaye a awa, sau awannin da ka zauna, sau rinjayen gida, wato kason da lissafin wasan ke bar wa gidan a duk kuɗin da aka zuba. Mu ɗauka mutum na zuba dala 25, ana zagaye 60 a awa, ya zauna awa 4. Kuɗin da ya ratsa hannunsa dala 6,000 ke nan, ko da dala 300 ya shigo, domin kuɗi ɗaya ne ke ta kai da komo. Mai bin lissafi sau da ƙafa rinjayen gida a kansa wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne, mai wasa da ka kuwa ya fi haka nesa. Mu sa masa kashi 1.5. Dala 90. Wannan shi ne farashinsa a wajensu a wannan daren. Daga ciki ake yanko wani kaso, galibi tsakanin kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, a mayar masa a matsayin abincin kyauta ko ɗakin kwana. Gyaran mai awo ne a Kasuwar Rimi, wanda tun kafin ya ɗora maka ya riga ya sa shi a kuɗin kwano. Kamfanin gidajen caca na Harrah's ne ya shahara da wannan tsari tun ƙarshen shekarun 1990, da wani malamin Harvard, Gary Loveman, ya shigo ya mai da bayanan katin mamba ginshiƙin kasuwancin.

Yanzu ka ce ya fito da wayarsa. Duk abin da gidan Las Vegas ke kashe miliyoyi ya sani, manhajar bet tana samunsa a ɓagas, har da ƙari: lokacin da yake shiga, ƙungiyar da yake so, ko yakan ninka kuɗi bayan an cinye shi, kwana nawa ya yi bai leƙo ba kafin saƙon garaɓasa ya dawo da shi. Rajistarsa da lambar waya ita ce katin mamban.

Ku yi lissafin rinjayen tare. Ku nemi wasa mai sakamako biyu da aka ba kowane ɓangare 1.90, wato naira 100 ta dawo 190 idan an ci. Raba 1 da 1.90, za ka sami 0.526. Haɗa biyun, 1.052. Wannan ɗoriyar da ta haura 1 ita ce ta gida, wato a kowace naira 100 da aka zuba, wajen naira 95 ce ke komawa ga 'yan wasa. Ya ga kamar kaɗan ne, ko? To yaranmu ba wasa ɗaya suke bugawa ba, goma suke jerawa a tikiti. Ya danna 0.95 sau kansa har goma a kalkuleta. Zai ga 0.60. Tikitin naira 1,000 darajarsa wajen naira 600 ce tun kafin a take ƙwallo. Shi ya sa ake ƙara wa dogon tikiti garaɓasa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan ya ce maka ai wasa ɗaya ne kullum ke yanke masa tikiti, ka nuna masa cewa a wasa goma masu rabi da rabi, damar cin duka ɗaya ce cikin 1,024, ta faɗuwa da wasa ɗaya tak kuwa goma ce cikin 1,024. Kusa da ci ya ninka cin kansa sau goma, haka lissafin yake ga kowa.

Mataki na gaba shi ne mafi ɗaci, kuma kada ka yi shi gaban Hajiya ko matarsa. Ya buɗe tarihin asusunsa na banki na wata uku, ku tara duk abin da ya tura wa kamfanin a gefe ɗaya, abin da ya ciro a ɗaya gefen. Kada ka karɓi hoton tikitin da ya ci, wannan shi kaɗai yake ajiyewa. Ba sai ka yi magana ba idan jimlar ta fito, kuma don Allah kada ka yi dariya.

Idan ya amince ya bari, goge manhaja kaɗai ba ya isa, tunda sunansa na nan a rumbunsu kuma za su neme shi. Ya fara cire ragowar kuɗinsa. Ya duba cikin saitin asusu, kamfanoni da yawa suna da wurin da mutum zai toshe kansa, ya zaɓi mafi tsawon wa'adi. Sannan ya rubuta musu imel ya ce ya janye amincewarsa, a daina turo masa talla, a goge bayanansa, yana mai dogaro da dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023. Za su iya riƙe wasu bayanan hada-hadar kuɗi da doka ta wajabta musu, amma tallan dole su tsayar, idan suka ƙi akwai hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, NDPC, da ake kai wa ƙorafi. Ya tura STOP zuwa 2442 don rage saƙonnin talla a layinsa, ya cire katin ATM da ya adana a manhajar, ya fita daga zaurukan Telegram da WhatsApp masu raba wasannin “tabbas”. Masu waɗannan zauruka da yawansu kamasho suke karɓa a kan duk wanda ya yi rajista ta mahaɗarsu, wasu ma kaso ne daga asarar da ya yi.

Ranar da albashi ko kuɗin ciniki ke shigo masa, da daren Asabar da Lahadi lokacin wasannin Firimiya, su ne lokutan da saƙo ya fi zuwa kuma hannu ya fi ƙaiƙayi. A watannin farko ku yi yarjejeniya kuɗin ya riƙa sauka a asusun da kai ma kake ganin alat ɗinsa, kuma idan zai je gidan kallo ya bar babbar wayar a gida.