Darasi na Bakwai: Idan Injin Mota Yana Misin

Kowace silinda a cikin injin tana bukatar abu uku kafin ta yi aiki: fetur gauraye da iska, matsi mai kyau, da tartsatsin wuta daga filogi. Idan ɗaya ya gaza, silindar ba za ta ƙone man da ya shige ta ba. Wannan shi ne abin da makanikai suke kira misin.

Za ka gane shi da jikinka tun kafin ka buɗe bonet. Mota tana karkarwa a silo, tana fizga idan ka taka totur, ga shan mai fiye da da. Wutar gargaɗin injin da ke gaban direba kuma tana iya kamawa. Idan wutar ta tsaya a kunne ba ta ƙyaftawa, akwai matsala amma kana da ɗan lokaci. Idan tana ƙyaftawa, rage gudu, ka nemi wurin tsayawa. Wannan ba wasa ba ne.

Ga dalili. Man da bai ƙone a silinda ba yana bin salansa ya faɗa cikin katalis, wato tukunyar da ke tace hayaƙi. Cikinta tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Can man yake kamawa da wuta, zafi ya wuce kima, tangaran ya narke ya toshe hanya. Daga nan sai mota ta kasa hawa tudu, kamar mutumin da aka toshe wa hanci aka ce ya yi gudu. Wani lokaci ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ko ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin mota idan tangaran ya farfashe.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da ramin da ake jona na'urar bincike, wadda ke nuna lambar matsalar da motar ke da ita. Lamba P0302 tana nufin silinda ta biyu ce ke misin. P0300 tana nufin misin ɗin bai tsaya a silinda guda ba. P0420 kuwa tana cewa katalis ba ya tacewa yadda ya kamata, amma kada ka yi saurin saye, domin na'urar auna iskar hayaƙi da ta tsufa, ko huji a salansa, su ma suna kawo wannan lamba.

Fara da mai araha. Bari injin ya huce, ka kwance filogi ka duba bakinsa: ya yi baƙi, ya jiƙe da mai, ko ya cinye? Idan lambar P0302 ce, kuma kowace silinda tana da kwail nata, wato abin da ke ba filogi wuta, musanya na biyu da na uku. Lamba ta koma P0303? To, ka kama ɓarawo. Idan ba ta motsa ba, a duba nozul, wato abin da ke fesa wa silinda mai, sannan a gwada matsi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a saka sabon katalis misin yana nan. Shi ma haka zai narke.