Yadda ake kula da lasifika mai rufaffen akwati a zafin Yamai

In akwatin lasifikarka ba shi da ramin iska, iskar da ke kulle a ciki ce ke tare faifan da ke motsi yana fitar da sauti, ta maido shi, kamar sifirin. Edgar Villchur, wani mai ƙera kayan sauti, ne ya yaɗa wannan salo a Amurka tun 1954. Wasu na tsoron zafin Afrilu zai kumbura iskar. A lissafi, daga digiri 25 zuwa 45 matsin iskar zai ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, amma sai in akwatin a toshe yake kamar gwangwani. Na gida suna ɗan shaƙar iska a hankali, matsin ya daidaita. Masu shan wahala su ne robar bakin faifai, gam, da wayar tagullar da ke ciki.

Fara da wurin ajiya. Janye lasifikar daga taga da bangon yamma, wanda ke riƙe zafi har bayan isha'i. In ɗakin rufin kwano ne, kada ka ɗora ta kan kabad, can sama zafin ya fi taruwa.

Sai ƙarar sauti. Wayar tagullar nan tana ɗumi da kanta in ana kiɗa, kuma kowane digiri ɗaya na ƙara mata turjiya ga lantarki da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Shi ya sa da rana tsaka za ka ji sautin ya ɗan lafa, hannu ya kai ga maɓalli. Kada ka ƙara. Nan ake ƙona ta.

Da hunturu kuwa, a Disamba da Janairu, robar kan yi tauri da asuba, sautin ganga ya fito ba nauyi. Ba lalacewa ta yi ba. Kunna ta ƙasa-ƙasa na ɗan lokaci, za ta saki. Mai na'urar sanyaya ɗaki kada ya bari iskar ta riƙa bugun ta kai tsaye.

Bayan kowace bazara ka gwada ta: kashe, buɗe murfin gaba, sa yatsu kewaye da ƙoƙon tsakiya, ba a kansa ba, ka danna a hankali. In faifan ya dawo sannu-sannu, lafiya lau. In ya dawo fit, akwai inda iska ke zurarewa: ɗaure sukurori, duba robar ko ta tsage. Ta soso ce ta fi saurin ruɓewa, kana taɓawa tana marmashewa, kuma masu gyara na canza ta ba sai an sayi sabuwar lasifika ba.