Kafin ka yarda a yi wa kwamfutarka fomatin a Garwa

Bara cikin watan Afrilu ɗan ƙanwata ya iso Garwa, a arewacin Kamaru, daga Mubi, zai riƙa yi wa wani ɗan kasuwa lissafin kaya. Kwanansa tara a gari kwamfutarsa ta ƙi tashi. Sai ta nuna tambarin kamfani, ɗigo-ɗigon nan su yi ta zagaye, ta mutu, ta sake kunna kanta, haka har la'asar. Bai gaya mini ba, ya ɗauke ta ya kai wa wani mai gyara. Mutumin ya duba ya ce masa "on va formater", wato za a yi mata fomatin, a share duk abin da ke ciki a sake ɗora Windows, yaro kuwa duk Faransancinsa bai wuce "oui" ba, sai ya ba shi ita. Da magariba ya shigo da murna wai an gyara. Da ya buɗe, babu takardun makarantarsa, babu hotunan bikin yayarsa, babu lissafin mai gidansa na kwana tara, ga Windows ta koma Faransanci, in ya danna A sai Q ta fito. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ina kayana suka tafi?" Na ce masa ai da bakinka ka sallame su.

Ban ga laifin mai gyaran sosai ba. Fomatin shi ne aiki mafi sauri a wurinsa, kuma ya tambaya an amsa. Amma ku sababbin zuwa, ko Garwa kuka sauka, ko Marwa, ko Gaundare, ko kun haye gada daga Kusuri zuwa Njamena, ku riƙe wannan: kwamfutar da ta ƙi tashi, sau da yawa kayan cikinta suna nan lafiya lau. Abin da ya lalace hanyar shiga ce. Wanda makullin ɗakinsa ya karye ba ya rushe ɗakin.

A fara da wuta, don nan baƙo ya fi faɗawa rami. Cajar da ka taho da ita daga Najeriya mai ƙafa uku ce masu kusurwa, irin ta Ingila. Soket ɗin nan kuwa na Faransa ne, ramuka biyu zagayayyu. Ƙarfin wutar ba matsala ba ne, nan 220 ne, kuma in ka juya cajarka za ka ga an rubuta tana karɓar daga 100 zuwa 240. Matsalar ita ce 'yar mahaɗar nan mai arha da ake saya a bakin titi: tana lilo a bango, tana tartsatsi, wuta na shiga tana yankewa, kai kana zaton kana caji alhali batir na zuba. Shawarata ka bar mahaɗa gaba ɗaya. Igiyar da ke tsakanin bango da tubalin cajar cirewa take yi, ka je kasuwa da ita a hannu ka sayi irinta mai kan nan ƙasar. Mutanen Nijar ba ruwansu da wannan, soket ɗinsu ɗaya da na nan.

Sai ɗaukewar wuta. Arewacin Kamaru ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kudu da Garwa, kuma in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, abin da za ka ji ana kira "délestage". An ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar, amma har yanzu mai hankali ba ya shirya aikinsa a kan wuta za ta kwana. Abin da ya kashe kwamfutar ɗan ƙanwata ke nan. Batirinsa ya daɗe da mutuwa, Windows tana tsakiyar sabunta kanta, ta ma rubuta kada a kashe, sai aka ɗauke wuta. Rabin sababbin fayilolin sun shiga, rabi ba su shiga ba. In batirinka ba ya riƙe caji, ka dakatar da sabuntawar daga saituna, ka sake ta sai ranar da kake wurin da ke da janareta ko sola.

To yanzu ta riga ta ƙi. Kafin ka taɓa komai, ka zauna ka kalli yadda take ƙin, domin ƙin iri-iri ne.

In ka danna ba fitila, ba ƙarar fanka, ba komai, wannan maganar wuta ce, Windows ba ta ma shigo zancen ba. Zare caja, cire batir in mai ciruwa ne, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, mayar da caja kaɗai ka gwada. Ka gwada wani soket, ka ari cajar wani mai irin taka. Wannan ɗan abin ya tashi kwamfutoci da dama da aka riga aka yi musu ta'aziyya.

In fitilu sun kama, fanka na juyawa, amma fuskar baƙa ƙirin, haska ta da tocilan wayarka daga kusa. Idan ka hango rubutu dishi-dishi, hasken bayan gilashin ne ya mutu, kwamfutar kanta tana aiki. Ko ka jona ta da talabijin ta wayar HDMI ka gani. Ka kuma lura ko wata fitila na ƙyaftawa da ƙidaya: a HP fitilar Caps Lock ce, a Dell ta caji ce ke sauya launi. Ƙirga ƙyaftawar ka rubuta, don ita ce ke faɗin ciwon, kuma sau da yawa RAM ce, wato 'yar farantin ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, ta motsa daga mazauninta. Wanda ya biyo hanyoyin kan iyaka a bayan babur, jaka na dukan bayansa tun daga Mubi ko Banki, bai kamata ya yi mamakin wani abu ya goce a ciki ba. Cire ta a goge a mayar aikin minti biyar ne ga wanda ya iya.

Wanda ya fi tsorata mutane shi ne baƙar fuska da farin rubutu, "No bootable device", ko a HP "Boot Device Not Found" da lamba 3F0 a ƙasa. Ma'anarsa kwamfutar ta farka, ta nemi faifan ajiyar da Windows ke ciki, ba ta same shi ba. Fara zare duk abin da ke jone, filashi ne, katin ajiya ne, har waya, don wani lokaci tana ƙoƙarin tashi daga filashin da ka manta a jiki. In bai yi ba, shiga BIOS, wato ɗan shafin saitin da ke zuwa kafin Windows. Da ka kunna sai ka yi ta danna F10 a HP, F2 a Dell da Acer da Asus, F1 ko F2 a Lenovo. Abu biyu za ka duba a can. Na farko, shin sunan faifan ya fito? In ya fito, ka yi hamdala, galibi kayanka na nan, mai yiwuwa jerin tashi ne ya rikice, sai ka mayar da "Windows Boot Manager" sama. Na biyu, kwanan wata. In ka ga agogo ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin da ke riƙe saitin ya mutu, galibi mai kamar kwabo ne da ake kira CR2032, kuma mutuwarsa kan mayar da saiti yadda ya fito daga kamfani. Tsofaffin kwamfutocin gwanjo da muke saye, da yawa an ɗora musu Windows a tsohon tsarin tashi da ake kira Legacy, saitin ya koma sabon tsari, UEFI, sai ta kasa ganin abin da ke gabanta. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka kafin ka canza komai, kuma abu ɗaya-ɗaya za ka canza.

Idan faifan bai fito ba, ko dai ya zame daga mazauninsa ko ya mutu. Kasa kunne a jikinta. In kana jin ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, kashe ta nan take, kada ka sake kunnawa don gwaji, kowace kunnawa ƙara ɓarna take. Wannan ciwon na tsohon faifai mai juyawa ne. SSD, wato sabon faifan da ba ya juyawa, ba ta ƙara, kuma ba ta damu da gargada ba, shi ya sa duk wanda zai riƙa zirga-zirga tsakanin Yola da nan nake ce masa ya canza zuwa ita tun yana da zaɓi.

Irin na ɗan ƙanwata, wato tambari ya fito amma Windows ta kasa ƙarasawa, shi ne ya fi sauƙin magani, kuma shi aka fi yi wa fomatin a banza. Windows tana da ɗakin gyaran kanta. In ta kasa tashi a jere takan shiga da kanta. In ba ta shiga ba, da ka ga tambari ka danne maɓalli har ta mutu, ka yi haka sau uku, za ta kai ka shuɗin shafi. Wanda ya sayi tasa a nan zai tarar da shi da Faransanci, to ga hanya: "Dépannage", sannan "Options avancées". A ciki akwai "Désinstaller des mises à jour", mai cire sabuntawar da ta tsaya rabi, da "Restauration du système", mai mayar da ita yadda take kwanakin baya ba tare da taɓa takardunka ba, da "Mode sans échec" a ƙarƙashin saitin tashi. Wurin da za ka yi taka-tsantsan shi ne "Réinitialiser ce PC". In har ka kai can, "Conserver mes fichiers" yana barin fayilolinka amma yana kwashe manhajoji, "Supprimer tout" kuwa sunansa ya faɗa, share duka.

A nan ne madannai ke yi wa baƙo wasa da hankali. Tsarin Faransa AZERTY ne: A da Q sun yi musaya, Z da W ma haka, M ta koma gefen L, lambobin sama kuma sai ka haɗa da Shift. Shafin gyara yakan tambaye ka tsarin madannai, in ka zaɓi wanda ba naka ba sai kalmar sirrinka ta yi ta ƙi, ka rantse an yi maka kutse. Na ga dattijo ya kusa kuka a kan wannan.

Akwai kuma BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle faifai da shi, wanda sababbin kwamfutoci da yawa ke zuwa da shi a kunne ba tare da mai su ya sani ba. In aka taɓa BIOS ko aka ciro faifan, sai ta nemi mabuɗi mai lambobi 48, kuma babu mai gyaran da zai iya tsallake shi, kowa ya ce maka zai iya fomatin yake nufi. Mabuɗin galibi yana cikin asusunka na Microsoft. Amma shiga asusun daga sabuwar ƙasa yakan sa a tura lambar tabbatarwa zuwa layinka na gida, layin da wataƙila yana cikin aljihun jaka ba sabis tun da ka sayi Orange ko MTN na nan, ko Airtel ko Moov a Chadi. Saboda haka tun kwamfutar na lafiya ka shiga, ka kwafe lambobin a takarda, ka ajiye tare da fasfonka, ka kuma ƙara sabon layinka a asusun. In madannan lambobi sun ƙi a shafin da ake neman mabuɗin, F1 zuwa F9 suna tsayawa a madadin 1 zuwa 9, F10 kuma sifili.

In duk wannan bai yi ba, sai mai gyara, kuma akwai ƙwararru a garuruwan nan. Ka tafi da wanda ke jin Fulatanci ko Faransanci, a Njamena mai jin Larabcin Chadi. A unguwar Hausare da ke Garwa ba za ka rasa yaron da zai raka ka ba. Ka haddace jimla biyu: "Ne formatez pas", kada ka yi fomatin, da "Je veux d'abord mes fichiers", fayilolina nake so tukuna. Mai gyaran kirki zai tashi kwamfutar daga filashi mai Linux, wata manhaja mai aikin Windows, ko ya ciro faifan ya jona a wata, ya kwashe maka kayanka kana zaune, sannan a yi maganar sabuwar Windows. Ka ce Turanci kake so in shi ka iya, ka kuma duba girman RAM da faifanka kafin ka bar ta da bayan ka karɓa. A yi ciniki kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, a rubuta kuɗin da lamba a waya, domin a kasuwar Njamena riyal ɗaya sefa biyar ne, kamar dalar mutanen Damagaram, kuma baƙo yakan amsa farashin da bai fahimta ba. In ta kama a sake ɗorawa, ka sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro a cikin kwamfuta, wanda tsofaffin na gwanjo da yawa ba su da shi.

Zafi da ƙura ban manta da su ba, sai dai maganarsu gajera ce. Daga Maris zuwa Mayu Garwa takan wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fanka. Kwamfutar da ke tashi ta yi minti biyu ta mutu, a fara busa mata fanka. Kada a ɗora ta kan katifa ko darduma.

Ɗan ƙanwata yanzu yana da filashi biyu a cikin gwangwanin shayi, ɗaya mai gigabait 8 da aka mayar na ɗora Windows, ɗaya na lissafin mai gidansa, yana kwafewa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Hotunan bikin an samo wasu a wayar yayar tasa. Takardun makarantar kuwa sai da ya koma Mubi da kansa.