Darasi na 9: Hawan jini, shanyewar ɓarin jiki da gigin tsufa

A karanta sakin layi ɗaya-ɗaya. Idan mutum ɗaya ya karanta, na kusa da shi ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa kafin a wuce gaba.

Karatu na farko

Duk unguwar da ka shiga a Damagaram, Birni ce ko Zango, Garin Malam ko Sabon Gari, da wuya ka rasa gidan da ake jinyar mai shanyewar ɓarin jiki. Da wuya kuma ka rasa gidan da wani tsoho ko wata tsohuwa suka ruɗe, ba sa gane jikokinsu, suna tambayar abu ɗaya har a gaji da ba su amsa. Mun saba raba waɗannan gida biyu. Na farko mu ce iska ta buge shi, na biyu mu ce gigin tsufa ne, sai haƙuri. Likitocin ƙwaƙwalwa da suka daɗe suna bincike sun gano cewa sau da yawa tushen abin ɗaya ne, wato lalacewar jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa.

Ƙwaƙwalwa ƙarama ce, nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke ɗauka daga huhu. Ba ta kuma da rumbun ajiya. Abin da jini ya kawo yanzu, shi za ta yi aiki da shi yanzu. Wanda ya taɓa shiga lambunan Mirya ya san yadda ruwa ke bin babbar hanya, ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi, kowace ta shayar da fangalinta. Idan babbar hanya ta toshe, ɓangare guda na lambun ne zai bushe a lokaci ɗaya, kowa ya gani. Idan kuwa ƙananan ne suke toshewa, yau wannan gobe waccan, mai lambu ba zai farga ba sai ranar da ya ga amfani ya ragu.

Toshewar babbar jijiya, ko fashewarta, ita ce shanyewar ɓarin jiki. Baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe ɗaya su mutu, magana ta sarƙe. Toshewar ƙananan jijiyoyi kuwa sau da yawa ba ta da alamar da ido zai gani. Mutum yana zuwa kasuwa, yana zuwa masallaci, amma can cikin ƙwaƙwalwa ƙananan tabbai suna taruwa. A birnin Rotterdam na ƙasar Holan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane fiye da 1,000 masu shekara 60 zuwa 90, aka tarar kusan ɗaya cikin biyar yana da irin wannan tabo, alhali bai taɓa shanyewa ba. Da aka bi su shekaru kaɗan, sai aka ga haɗarin ciwon mantuwa, wato gigin tsufa, ya ninka fiye da sau biyu a kan masu tabon. A 2003 aka fitar da wannan sakamako.

Karatu na biyu: abin da bincike ya nuna

A 2009 wasu likitoci biyu na Jami'ar Oxford a Ingila, Sarah Pendlebury da Peter Rothwell, suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama a kan masu shanyewar ɓarin jiki. Cikin mutum goma da abin ya sama karon farko, ɗaya ya riga yana da ciwon mantuwa tun kafin ya faɗi. Wani ɗaya kuma yakan kamu da shi ba da daɗewa ba bayan faɗuwar. Amma idan shanyewar ta sake dawowa, fiye da ɗaya cikin uku ne ake samu da ciwon mantuwa.

A tsaya nan a sake karanta jimlar ƙarshe. A ganina, ita ce ta fi kowace muhimmanci a wannan darasi. Mu a nan, da zarar majinyaci ya fara takawa da sanda, ya koma cin tuwo da hannunsa, sai mu ce ya warke, a daina sayen magani, a daina komawa asibiti. Wannan lokacin kuwa shi ne ya fi bukatar a tsare shi, domin faɗuwa ta biyu ce ta fi tafiya da hankali.

Ciwon mantuwa iri-iri ne. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne wanda ke ɗauke da sunan likitan Jamus Alois Alzheimer, da ya fara bayaninsa a 1906. Shi yana shiga ne sannu a hankali, ya fara da mantuwar abin da ya faru ɗazu. Na biyu a yawa shi ne na jijiyoyin jini, wanda muke magana a kai. Shi yakan zo ne mataki-mataki: mutum ya yi ƙasa, ya tsaya haka wata da watanni, sai kuma ya sake yin ƙasa. Kuma ba lalle da mantuwa yake farawa ba. Ɗauki misalin dattijon da ya tsufa yana awon hatsi a kasuwar Dole, wanda lissafi bai taɓa ba shi wahala ba. Bayan ya tashi daga jinya ya koma rumfa. Mai saye ya miƙa masa jika biyu, kayan na jika ɗaya da dala ɗari ne. Ya riƙe kuɗin yana kallo, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, har ɗansa ya matso ya ce, "Baba, dala ɗari za ka mayar masa." Ya san mai sayen, ya san sunan ubansa ma, amma haɗa lissafin ya gagara. Tunani ya yi nauyi, shirya aiki daki-daki ya yi wuya, tafiya ta koma gajerun taku, wani lokaci fitsari ya kufce, ko mai fara'a ya koma shiru.

Waɗannan ciwo biyu sukan haɗu a kai ɗaya. A Amurka wani masani, David Snowdon, ya bi rayuwar mata 678 masu hidimar coci, waɗanda suka yarda a duba ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwarsu. A 1997 ya bayyana cewa cikin matan da aka samu alamun Alzheimer a ƙwaƙwalwarsu, waɗanda suke da ƙananan tabban toshewar jijiya su ne suka fi ruɗewa lokacin da suke raye. Wasu da ba su da tabban sun rasu da hankalinsu. Ke nan ko ba a iya kawar da Alzheimer ba, tsare jijiyoyi yana da amfani.

To me ke lalata jijiyoyin? Amsar ta fito kusa da mu. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta, an yi shi a asibitocin Gana da Najeriya, har da na Kano da Zariya. An kwatanta masu shanyewa fiye da 2,000 da wasu masu lafiya tsararsu. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba, yana da hannu a kusan tara cikin goma na shanyewar. Bayansa akwai yawan kitse a jini, ciwon suga, ciwon zuciya, taba, ƙara gishiri a abinci, da ƙarancin cin ganye. Tsakanin Damagaram da Kano tafiyar yini ce, abincinmu ɗaya, don haka wannan magana tamu ce.

Akwai kuma labari mai ƙarfafa gwiwa daga ƙasar Sin. A ƙauyuka 326, an koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba manyan likitoci ba ne, yadda za su auna hawan jini, su ba da magani, su riƙa bibiyar mutane. Kusan mutum 34,000 ne suka shiga. Bayan shekara huɗu, a ƙauyukan da aka yi wannan aiki ciwon mantuwa ya ragu da kashi 15 cikin 100 idan aka kwatanta da sauran. A 2025 aka wallafa wannan sakamako. Ba wata na'ura mai tsada aka yi aiki da ita ba. Abin awo ne da ƙwayar magani da mutumin da ke zuwa yana tambaya ko an sha.

Karanta lambar tansiyo, wato awon hawan jini

Hawan jini ba ya ciwo. Mutum zai iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba, don haka jiran ciwon kai ko jiri kuskure ne. Sai an auna. A asibitin unguwa, wato CSI, za a zaunar da kai ka huta minti biyar, a naɗa maka ƙyalle a damtse, a hura masa iska har ya matse, sannan ya saki a hankali. Kada ka yi magana lokacin, ƙafafunka su taka ƙasa, bayanka ya jingina.

Lambobi biyu ne ke fitowa, ta sama da ta ƙasa. Malamin asibiti zai iya ce maka 14/9, na'ura kuma ta rubuta 140/90. Abu ɗaya ne, sifili kawai aka cire. Idan aka auna a ranaku daban-daban aka samu ta sama 14 ko fiye, ko ta ƙasa 9 ko fiye, to hawan jini ne. Idan aka rubuta maka magani, kullum ake sha. Saukar lamba ba warkewa ba ce, alama ce ta maganin yana aiki. Kada a sayi maganin tansiyo a wajen masu talla a bakin hanya, kada kuma a ari na maƙwabci. Idan azumi ya gabato, a je wajen likita tun a watan Sha'aban ya tsara lokacin sha.

Maganar gishiri ta uwargida ce da maigida duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Dunƙulen magi yawancinsa gishiri ne, kanwa ma tana da sinadarin da ke cikin gishiri. A rage su kaɗan-kaɗan, harshe zai saba, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa. Zogale da rama da yakuwa kuwa Allah ya hore mana su, a yawaita. Mai shan taba ya daina, mai ciwon suga ya riƙe maganinsa, mai yawan zama ya riƙa takawa.

Idan mutum ya faɗi

A duba abu uku. A ce ya yi murmushi, ko baki ya karkace? A ce ya ɗaga hannu biyu, ko ɗaya yana sauka? A ce ya faɗi sunansa da na unguwarsu, ko maganar ta sarƙe? Ko ɗaya aka gani, a duba agogo a riƙe lokacin, a nemi mota zuwa babban asibiti nan take. Wani likita a Amurka ya lissafa cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan biyu ke mutuwa kowane minti.

A kwantar da shi a gefe. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu ko jiƙo, domin maƙogwaro ma yakan shanye, abin ya bi ta huhu. A yi masa addu'a a hanya, addu'a ba ta hana tafiya. Kada a ba shi asfirin, saboda toshewa da fashewa alamunsu ɗaya, hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambanta su, asfirin kuma yana ƙara zubar jini. Idan alamun suka zo suka wuce cikin ƴan mintoci, mutum ya miƙe garau, duk da haka a kai shi a ranar. Gargaɗi ne, babbar tana iya biyo baya cikin kwanaki.

Zama da wanda ya ruɗe

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake yi wa tsofaffi mata. Tsohuwa ta fita da dare ta ɓata, ko ta yi ta sambatu, sai a fara raɗe-raɗin maita, yara su bi ta da jifa. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kamar yadda ciwon suga yake ciwo. Ba ta zaɓa ba, ba kuma da gangan take maimaita tambaya ba. Maimakon "Inna, ba yanzu na gaya miki ba?", a ce, "Inna, azahar ta yi, ga ruwan alwala." Magana gajera, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Kada a sauya mata ɗaki ko wurin ajiye butarta. A bar ta ta tsince wake, ta ɓare gyaɗa, ta zauna cikin mutane. Mutum ɗaya ya riƙe maganinta yana ba ta da hannunsa. Jinyar kuma kada a bar wa suruka ko ƴa ɗaya, ƴaƴa maza ma su karɓi rabonsu.

Tambayoyi

1. Me ya sa faɗuwa ta biyu ta fi haɗari ga hankali?
2. Na'ura ta nuna 160/100. Yaya malamin asibiti zai faɗe ta? Hawan jini ne ko kuwa?
3. Waɗanne abubuwa uku ake dubawa idan mutum ya faɗi?
4. Me ya sa ba a ɗura wa wanda ya shanye ruwa?

Aikin gida

Ka ja layi uku a shafin ƙarshe na littafinka. A kan na farko ka rubuta "Rana", na biyu "Ta sama", na uku "Ta ƙasa". Kafin darasi mai zuwa ka je CSI mafi kusa a auna ka, ka rubuta lambobin da hannunka. Idan akwai dattijo ko dattijuwa a gidanku, ku tafi tare, ka buɗe musu nasu shafin. A zo da littafin aji, za mu karanta lambobin a kan allo ba tare da an ambaci sunan kowa ba.