Yadda ake cinikin kayan haɗa ƙaramin jirgin sama daga Garwa ko Njamena

Da farko ka tuntuɓi hukumar jiragen sama, CCAA a Kamaru ko ADAC a Chadi, ka ji ko za su yi wa jirgin haɗin gida rajista. Kada ka ba da kafin alƙalami sai ka ji amsarsu.

Na biyu, kamfanonin da ke ƙera kayan, irin su Zenith da Van's na Amurka, ba kasafai suke rage farashi ba. Arha tana wajen wanda ya sayi kayan, ya fara haɗawa ya gaji. Ka nemi takardar jerin kayan, lambar da kamfani ya ba kayan haɗin, da hotunan kowace ƙusa da ya buga. In alminiyon ya yi farin gari, tsatsa ce ta ci shi. Nan za ka kafa hujjar tayi. Duk abin da ya ɓace, ka cire kuɗin sabonsa daga farashin.

Injin kuwa a yi cinikinsa daban. Inji samfurin Rotax 912 yana shan fetur ɗin mota, amma robobinsa ana canza su duk shekara 5, ko da bai taɓa tashi ba. Wannan ma abin ragi ne.

In da hali ka yi ciniki da yuro, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne kullum; dala kuwa hawa da sauka take yi.

Daga nan ka lissafa kuɗin akwati, jirgin ruwa zuwa Duwala, kwastan, da motar da za ta kawo shi arewa, sannan ka ce ka saya.