Yadda ake haɗa kabad da kantoci a gefen murhun ɗumama falo

A ƙaramin falo mai murhun jin ɗumi, ginin da bututun hayaƙi ke bi ta cikinsa yakan turo kai cikin ɗaki, ya bar lungu ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Kujera ba ta shiga lungunan nan da daɗi, tebur ma haka, sai su koma matattarar tarkace. Nan ya dace a kafa kabad da kantoci, domin za su kwashe kayan falon kaf ba tare da sun ci filin da ake takawa ba. Aikin ba shi da wuya ga wanda ya iya riƙe zarto da filam, wato ma'aunin nan mai kumfa da ke nuna ko abu ya karkata. Amma na ga masu koyo da yawa sun yi asarar katako a kansa, kuma kusan dukansu a wuri ɗaya suke faɗuwa: sun yarda da bango.

Kafin awo, fara da wuta. Katako da zafi ba sa zama kusa. Dokar gini ta Amurka, alal misali, ta hana sa duk wani abu mai cin wuta a ƙasa da inci 6, wato kusan santimita 15, daga bakin murhu. Abin da ke cikin santimita 30 na bakin ma an ƙayyade yadda zai turo waje: santimita 1 kacal ga kowane santimita 8 na nisansa. Kowace ƙasa da nata ƙa'idar, sai ka nemi ta inda kake. In murhun na ƙarfe ne, irin wanda ake ajiyewa a tsaye, tazarar da kamfanin ya rubuta a takardarsa ita ce doka, kuma takan fi wannan nisa. Ni dai shawarata, ka hura wutar ta ci na 'yan awoyi, sannan ka shafa bangon lungun da tafin hannu. Inda hannu ya kasa daɗewa, katako ba zai zauna nan ba. Duba kuma ko akwai ƙofar shan iska a bangon ko a ƙasa. Kada ka kuskura ka toshe ta da kabad. Wuta in ta rasa iska sai ta riƙa fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

Daga nan ka tara kayan da za su shiga, ka auna su, kafin ka zana komai. Littafi ba ya bukatar kanta mai zurfin da ya wuce santimita 25 zuwa 30. Kabad na ƙasa, inda barguna da wayoyi da kayan wasan yara za su ɓuya, santimita 35 zuwa 45 ya ishe shi. Ƙasa a rufe da murfi, sama a buɗe, haka nake so kuma haka nake gaya wa kowa. Murfi tun daga ƙasa har rufi yana danne ƙaramin ɗaki. Sannan kantocin sama su ja baya da santimita 2 ko 3 daga fuskar ginin murhun. In suka zo daidai da ita ko suka wuce ta, murhun ya nutse, falon ya ƙara matsewa a ido.

Yanzu ga awon. Babu lungun da ya miƙe sak, musamman a tsohon gida. Filasta takan yi kauri a kusurwa, bango ya karkata, ƙasa ta gangara wajen murhu. Mai koyo sai ya ja tef sau ɗaya a bakin lungun, ya rubuta santimita 90, ya je ya yanko katako. Ya dawo ya tura, ya shiga rabi ya cije, saboda can ciki faɗin 88 ne. Auna faɗin a ƙasa, a tsakiya, da sama, kowanne a baki da kuma can ƙurya. Awo shida ke nan. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne faɗinka na gaskiya. Kuma lungun dama daban, na hagu daban. Kada ka auna ɗaya ka ɗora wa ɗayan, ko da ido ya ce tagwaye ne.

In ka samu ƙaramin awon, cire masa santimita 4 ko 5, ka haɗa akwatin kabad ɗin a kan wannan. Da gangan ake barin ratar. Akwatin a miƙe yake, bango a karkace, ba za su taɓa haɗuwa da kansu ba. Abin da ke sulhunta su siririn katako ne da ake yankawa ya bi surar bangon. Ga yadda ake yi. Ka fara kafa gindi, wato ƙaramin firam mai tsayin kamar santimita 10, ka ɗora filam a kansa, ka cusa 'yan ɓaraguzan katako a ƙarƙashi har kumfar ta tsaya a tsakiya, gaba da baya, dama da hagu. Gindin nan in ya karkace, babu murfin da zai rufu daidai, ko ka kwana kana juya hinji. Ɗora akwatin a kai, ka ɗaure shi da bango. Sai ka ɗauko siririn katakon, wanda ya fi ratar faɗi, ka jingina shi da bango a tsaye, ka tabbatar da filam cewa bai karkata ba, ka maƙale shi a fuskar akwatin. Auna yawan abin da ya hau kan akwatin fiye da inda kake so ya tsaya. Yanki ɗan guntun katako mai wannan kaurin, ka manna shi da bango, ka ɗora fensir a gefensa, ka ja su tare daga sama har ƙasa. Duk inda bango ya kumbura layin zai kauce, inda ya lotsa layin zai bi shi. Yanka a kan layin, kana ɗan kwantar da zarton ta baya don bakin gaba kaɗai ya taɓa bango, ka gyara da samfefa. Kada ka yi gaggawa a nan. Wannan layin shi ne bambancin kabad da aka gina da ɗaki da wanda aka turo cikinsa. Masu son gajeriyar hanya sukan cika ratar da abin toshe tsaga. Tsagar milimita 2 ko 3 yana rufe ta lafiya, amma ratar da yatsa ke shiga, da zafi da sanyi sun sassaɓa sai ya tsage.

Kantocin sama ma haka. Ga kowace kanta ka yanki kwali ka gwada a gurbinta har ya zauna, sannan ka zana shi a kan katako. Kwali ba ya cin kuɗi, filawud kuwa in ka yanke shi gajere ya tafi ke nan.

Filawud mai kaurin milimita 18 nake amfani da shi. MDF, wato allon garin katako da aka matse, ya fi araha kuma ya fi shan fenti sumul, sai dai ya fi saurin lanƙwasa, kuma ba ya jure danshi. Mita ɗaya na littattafai yakan haura kilo 20, don haka kantar da ta wuce santimita 80 ba tare da tallafi ba za ta yi ciki. Kafa sandunan katako a bango ta ɓangare uku, baya da gefe biyu, kantar ta kwanta a kansu, ka manna mata wani a baki a tsaye mai faɗin santimita 4. Yana ƙara mata ƙarfi sosai, yana kuma ɓoye sandunan. Ja layin kantocin lungu biyun daga tsayi ɗaya da filam, ba daga ƙasa ba, in ba haka ba na dama zai fi na hagu tsawo kuma duk wanda ya zauna zai gani.

Kafin ka huda bango, san inda waya da bututun gas suka bi, kuma kada ka huda cikin hanyar hayaƙin. Soket in ya faɗo bayan kabad, a yanka masa taga ko mai gyaran wuta ya matso da shi. In bayan lungun bangon waje ne, bar 'yar rata don iska ta zaga, saboda danshi. Talabijin kuwa a sa shi kan kabad na gefe, saman murhu ya yi zafi kuma ya yi tsawo ga wuya. Fenti launin bangon, shafa ta fari ɗaya, ta gamawa biyu, kuma a bar shi kamar mako guda ya yi tauri kafin a ɗora littattafai, don kada su manne.